Idan Mabiyiya Ta Tare Bakin Mahaifa: Ina Ainihin Haɗarin Yake?

A cikin kowane ciki ɗari biyu da ya kai watannin haihuwa, akan sami kusan guda ɗaya wanda mabiyiyarsa ba ta zauna inda aka saba ba. Maimakon ta kama can sama ko gefen mahaifa, sai ta sauko ƙasa ta shimfiɗu a kan bakin mahaifa, wato ƙofar da jariri zai bi ya fito. Wannan lalura ce likitoci ke rubutawa placenta praevia a takardar eko, wato hoton ciki, kuma duk matar da aka rubuta wa shi a karnenta na awo, a Tawa take ko Ƙonni ko Madawa, ya kamata ita da mutanen gidanta su san abin da ke gabansu. Tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin iyaye idan an yi musu bayani ita ce ko yaron zai zo da wata tawaya. Tambaya ce mai tushe, za mu kuma zo kanta, amma a ganina akwai abin da ya riga ta. Jini ne ke kashe mace a wannan lalura, fitowa kafin lokaci kuma shi ke kashe jariri, kuma dukansu biyu sun rataya ne a kan nisan da ke tsakanin mai ciki da ɗakin tiyata a daren da abin ya taso.

Mabiyiya ita ce mahaɗar uwa da ɗa. Ta cikinta abinci da iska ke isa ga jariri, ta cikinta kuma dattin jikinsa ke komawa ga uwa, shi ya sa jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta suke da girma ƙwarai. A watan ƙarshe, jinin da ke ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti, alhali duk jinin da ke jikin mai ciki bai wuce lita biyar zuwa shida ba. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu ya fahimci dalilin da ya sa mintoci ke da tsada idan jijiyoyin nan suka buɗe.

Daga wata na bakwai, ɓangaren ƙasa na mahaifa yakan fara miƙewa yana yin siriri, bakin mahaifa kuma yana taƙaicewa sannu a hankali don shirin haihuwa. Mabiyiya ba ta miƙewa tare da shi. Abin ya yi kama da facin da aka liƙa wa tib ɗin keke: ana buga iska roba na buɗewa, facin na nan yadda yake, har gefensa ya ɗaga. Inda gefen mabiyiya ya ɗaga, nan jijiyoyin uwa suke tsagewa, kuma da yake wurin yana dab da ƙofa, jinin ba ya taruwa a ciki, fita yake yi kai tsaye. Akwai matsala ta biyu da ke jira bayan an fitar da yaro. A haihuwa ta yau da kullum, naman saman mahaifa mai kauri ne yake dunƙulewa ya shaƙe jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe, amma ɓangaren ƙasa ba shi da wannan ƙarfi, don haka wurin kan ci gaba da zuba ko da an gama aiki lafiya.

Yadda jinin ke zuwa shi ne babban tarkon. Ja ne wur, kuma ba ya tare da ciwo. Mace za ta farka da asuba ta tarar zanenta ya jiƙe, cikinta a sake, yaro yana motsi kamar kullum, babu ciwon mara, babu ciwon baya. Ta tashi ta wanke zanen tun kafin gari ya waye, ta shanya a bayan ɗaki, zuwa hantsi jinin ya ɗauke, ta koma kan turminta. Idan cikin fari ne, kunya ma ba za ta bari ta faɗa wa kowa ba. Mu kuwa mun saba auna haɗari da zafin ciwo, abin da bai yi zafi ba mukan ce a bari a gani. Wannan jini na farko da wuya ya yi kisa, yawanci yakan tsaya da kansa, amma sanarwa ce cewa na biyu yana tafe, kuma na biyun yakan fi shi yawa, ba a kuma san ranarsa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan lalura sukan ga jini tun kafin mako na 30, wasu kamar haka tsakanin mako na 30 da na 36, sannan akwai kusan ɗaya cikin goma da ba sa ganin komai har sai naƙuda ta zo.

Akwai wata lalurar da ke kama da wannan, wadda ungozomomin asibitocinmu ke yawan gani, wato ɓallewar mabiyiya daga jikin mahaifa tana zaune a daidai wurinta. Ita wannan takan zo da azababben ciwo, ciki ya yi tauri, jinin ya zo baƙi-baƙi ko ya taru a ciki, kuma ta fi bin masu hawan jini. Bambance su aikin ma'aikatan lafiya ne. A gida hukuncinsu ɗaya: duk jinin da ya zo bayan ciki ya wuce wata biyar, kaɗan ne ko da yawa, ya tsaya ko bai tsaya ba, a tafi asibiti a ranar.

Abin da ya fi kowane kuskure saurin jawo asara shi ne sa hannu. Ungozomar da ta yi karatu ta san dokar: mai ciki ta zo da jini, ba a sa yatsa a duba buɗewar mahaifa sai eko ya nuna inda mabiyiya take, domin yatsa ɗaya da ya taɓa ta yana iya mayar da ɗigo ya zama ambaliya. Ungozomar gargajiya, duk da kyakkyawar niyyarta da shekarun da ta yi tana karɓar haihuwa, ba ta da hanyar sanin abin da ke bayan ƙofar. Idan ta ga jini da jinkirin saukowar kai, abin da ta sani shi ne ta laluba, ko ta danna ciki, ko ta ba da jiƙon da zai tsananta naƙuda, wani lokaci ma a kai ga yankan gishiri. Kowanne daga cikin waɗannan ƙara buɗe jijiyoyin yake yi. Haka nan ƙwayoyin misoprostol da ke tsayar da jini bayan haihuwa, idan aka sha su yaro yana ciki alhali mabiyiya ta tare hanya, sun zama guba.

Eko ne kaɗai ke tabbatar da lalurar, amma shi ma yana buƙatar a fahimce shi. Mata da yawa akan gaya musu a wata na biyar cewa mabiyiya ta yi ƙasa, su koma gida hankali a tashe. Tara cikin goma daga cikinsu, kafin ciki ya tsufa mabiyiyar ta yi nisa da ƙofa, saboda ɓangaren ƙasa na mahaifa yana tsawo yana ɗaga ta sama. Shi ya sa ake maimaita hoton wajen mako na 32, idan har yanzu tana ƙasa a sake dubawa wajen mako na 36. Ma'aunin da ake bi santimita biyu ne: idan gefen mabiyiya ya fi haka nisa daga bakin mahaifa, galibi mace na iya haihuwa da kanta a asibiti, idan ta rufe bakin, babu wata hanya sai tiyata. Wani lokaci likita kan bukaci ya ɗauki hoton ta gaba maimakon ta kan ciki, kuma wannan ba shi da haɗari a hannun wanda ya iya, shi ne ma ya fi nuna gaskiyar tazarar.

Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya, ya sami lalurar a ciki 5.2 cikin kowane 1,000, amma a Asiya ta kai 12.2, a Afirka kudu da Sahara kuma 2.7 kacal. Ban ɗauki wannan ƙaramin adadi a matsayin albishir ba. Inda mace ba ta taɓa kwanciya gaban na'urar eko ba, kuma ta haihu a ɗakinta, babu rajistar da za ta ƙidaya ta, ko da jinin ya tafi da ita.

Waɗanda lalurar ta fi samu su ne matan da bangon mahaifarsu ya riga ya sha aiki: masu haihuwa da yawa, waɗanda suka haura shekara 35, masu cikin tagwaye, waɗanda aka taɓa yi wa wankin ciki bayan ɓari, masu shan taba, da waɗanda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. A Nijar, inda binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, na 2021 kuma 6.2, rukunin farko kaɗai ya ɗebi mata masu yawa. Ɗaukar tulu, daka, ko kwanciya ta wani gefe ba su ke saukar da mabiyiya ba, domin tun makonnin farko ta zaɓi mazauninta. Babu hannun kishiya a ciki, kuma ba sakacin mai cikin ba ne.

Batun tsohuwar tiyata yana son a tsaya a kansa. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka haɗa da awon ciki, kuma rayukan da wannan mataki ya ceta ba su ƙidayuwa. Sai dai kowace tiyata tana barin tabo a daidai ɓangaren ƙasa na mahaifa, kuma idan mabiyiya ta sauko ta zauna a kan tabon, tana iya nutsewa cikin naman mahaifa ta ƙi fita, wani lokaci ta huda ta kai ga mafitsara. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006, a kan mata sama da 30,000, ya nuna yadda haɗarin ke hawa ga mai mabiyiya a bakin mahaifa: kashi 3 cikin 100 a tiyatar farko, 11 a ta biyu, 40 a ta uku, 61 a ta huɗu. Wannan ba hujjar gudun tiyata ba ce, tunda wadda ta guje ta lokacin da take bukatarta ba ta kai ga ciki na gaba. Abin da alƙaluman ke cewa shi ne mace mai tabo biyu wadda eko ya nuna mabiyiyarta a ƙasa ta wajen tabon, ba a kowane asibiti ya kamata ta haihu ba, sai inda akwai ƙwararren likitan mata da jini a ajiye, kamar Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Tawa ko, idan an tura ta, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.

To, ina maganar tawaya ta kwana? Gaskiya ne cewa bincike ya sami alaƙa. Wani da aka yi a lardin Nova Scotia na Kanada, aka buga a 1999, ya ga manyan nakasun halitta sun ninka kusan sau biyu da rabi a jariran da mabiyiyarsu ta tare hanya. Wani da ya bi bayanan haihuwa na ƙasar Finlan, aka buga a 2015, ya ga sun ninka kusan sau ɗaya da rabi bayan an cire tasirin shekarun uwa da makamantansu. Kalmar ninki tana da ban tsoro, sai an tambayi abin da aka ninka. A ko'ina cikin duniya, jarirai biyu zuwa uku cikin 100 ana haifarsu da wata babbar tawaya, kamar huda a zuciya, tsagewar leɓe ko buɗewar ƙashin baya. Idan aka ninka uku sau ɗaya da rabi an sami huɗu zuwa biyar, idan aka bi adadin Kanada an sami bakwai zuwa takwas. Ko da mafi munin lissafin aka ɗauka, jarirai fiye da 90 cikin 100 za su zo da halittarsu cikakkiya.

Kuma alaƙa daban, sanadi daban. Gaɓoɓin jariri suna ƙeruwa ne a cikin makonni goma na farko, tun kafin kowa ya san inda mabiyiya ta zauna, tun kafin ɗigon jini na farko. Jinin da ya zuba a wata na bakwai ba zai tsaga leɓen da ya riga ya haɗe a wata na biyu ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne akwai dalilan da ke haifar da abubuwan biyu tare, kamar yawan shekarun uwa, shan taba, ko wata tangarɗa tun lokacin da ciki ya fara kama mahaifa. Amfanin sanin wannan alaƙa guda ɗaya ne a aikace: idan mai eko ya ga mabiyiya a ƙasa, ya ƙara natsuwa wajen duba kai, ƙashin baya, zuciya da ƙodar jariri, domin a san tun wuri ko yaron zai bukaci kulawa ta musamman. Rigakafin da aka tabbatar kuwa shi ne sinadarin folik asid, mikirogiram 400 a rana, wanda ke rage buɗewar ƙashin baya. Sai dai wannan ɓangare na jiki yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, saboda haka wadda ta jira sai wata na huɗu ko na biyar ta fara awo, ƙwayar ta taimake ta wajen jini amma ta makara wajen wannan.

Abin da ya fi taɓa jariri a zahiri shi ne zuwa bakwaini. Idan jini ya ƙi tsayawa, likita ba shi da zaɓi sai ya fitar da yaro ko makonninsa nawa, kuma huhun da bai nuna ba shi ne ke fara gazawa. Don haka ake yi wa uwa allurar deksametazon tsakanin mako na 24 da na 34 idan ana tsoron haihuwa ta matso, domin ta gaggauta ƙwarin huhun yaro, amma allurar tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki. Nan ma darajar jinin farko ta sake bayyana, tunda wadda ta zo a kansa ta ba likita waɗannan kwanaki, wadda ta zo a sume ba ta ba shi ko awa ɗaya ba. Da yake mabiyiya ta cinye wurin da kai zai sauka, jariran nan sukan kwanta a gicciye ko su zo ta ƙafa, kuma akwai lokacin da jijiyoyin cibiya kansu ke ratsa bakin mahaifa, faya na fashewa su tsinke, jinin da zai zuba kuma na yaron ne, wanda duka-duka bai kai rabin lita ba.

Kulawar da ake yi ba ta da sarƙaƙiya. Ana kwantar da wadda ta zubar da jini, a sa mata ruwa, a san rukunin jininta, a auna yawansa, a yi mata allurar kariya idan rukuninta mai rezus nagatif ne. Idan ta lafa, burin shi ne a ja cikin har mako na 36 zuwa 37, sannan a yi tiyata a ranar da aka tsara, da rana tsaka, ma'aikata a shirye, kafin naƙuda ta fara. A tsakanin nan ba saduwa da miji, ba aiki mai nauyi, ba doguwar tafiya a kan babur. Ƙwayoyin ƙarin jini, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a awo, da kwana cikin gidan sauro sun tashi daga shawara sun zama wajibi, domin mace mai cikakken jini tana iya jure asarar lita ɗaya, wadda zazzaɓi da ƙarancin abinci suka riga suka tsotse kuwa rabin haka ya isa ya kayar da ita.

A jihar Tawa, wahalar tana wajen asibiti fiye da cikinsa. Mai ciki a wani ƙauyen Keita ko Buza, idan damina ta sauka korama ta cika, hanyar awa ɗaya tana iya zama ta wuni. Daga Abalak ko Cintabaraden nisan kansa ya isa. Ƙaramin asibitin CSI na kusa zai iya sa ruwa ya kira ambilans, amma ba shi da ɗakin tiyata, kuma daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500. Ga kuma abin da kowane Ba'adare ya sani: a gidaje da yawa maigida yana ci-rani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, shi ne mai ba da izini, shi ne mai kuɗin mota, shi ne kuma wanda ake sa ran zai miƙa hannu a ɗebi jininsa. Wayar da aka kira da ƙarfe biyun dare ba lalle ta shiga ba.

Irin zancen da ke gudana a bakin ɗakin awo ke nan. Ungozoma ta ce da uwar miji: “Inna, kada ku koma da ita gida. Ku nema mata masauki nan cikin gari har ta sauka.” Tsohuwa ta ce: “Madam, ai jinin ya tsaya tun jiya, ga shi mijinta ba ya ƙasar, ga gona.” Ungozoma ta ce: “Tsayawar ce ta sa nake roƙonki, Inna. Yau da ƙafarta ta zo, in ya dawo ba da ƙafarta za ta zo ba. Ku kira shi yanzu da rana ya ba da izinin aiki, ku kuma kawo mini mutum biyu cikin ƴan'uwa a auna jininsu.” Uzurin tsohuwar na gaskiya ne, domin kyautar tiyata ba ta haɗa da kuɗin mota, abincin mai jinya da aikin da aka bari a gida ba. Amma duk abin da ungozomar ta nema ana iya shirya shi cikin mako guda idan an fara da wuri, kuma al'adar goyon ciki, da ke mayar da mace gidan iyayenta a watannin ƙarshe, ta riga ta saba mana da cewa mai ciki na iya barin ɗakinta. Abin da ya rage shi ne a zaɓi gidan dangin da ya fi kusa da asibiti mai tiyata, a Tawa ne, ko Ƙonni, ko Madawa, ko Galmi.

Jini shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa. Ba a ƙera shi, ba a sayo shi daga waje, daga hannun mutane yake fitowa, kuma a watannin zazzaɓi yara ƙanana masu ƙarancin jini suna bukatar irin ledojin da mai haihuwa ke bukata. Har yanzu akwai maza masu tsoron cewa ba da jini zai rage musu ƙarfi na dindindin, alhali ledar da ake ɗiba ba ta kai rabin lita ba, kuma jikin lafiyayye yana mayar da ita cikin ƴan makonni.

Tun 2014 Nijar ta shimfiɗa shirin yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, wanda ya haɗa ƙwayoyin misoprostol, balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa don ta danne jijiyoyi, da rigar matse jiki da ke riƙe mace har a isa babban asibiti, kuma sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen wannan sanadi sun ragu da fiye da rabi. Masu mabiyiya a bakin mahaifa suna amfana da waɗannan kayan aiki bayan an fitar da yaro, amma akwai lokacin da jinin kan fi ƙarfinsu, musamman idan mabiyiya ta nutse, sai likita ya cire mahaifar gaba ɗaya don ya tsira da ran uwa. Magana ce mai nauyi a wurin da ake auna matsayin mace da haihuwa, shi ya sa ya fi kyau a faɗa wa ita da mijinta yiwuwar hakan tun kafin ranar aiki, suna zaune cikin hayyacinsu. Wadda ta fita da mahaifarta kuma, lalurar tana iya dawowa a ciki na gaba ga mata huɗu zuwa takwas cikin 100, ga sabon tabo ya ƙaru, don haka ana son ta huta kusan shekara biyu, ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauki wani cikin, sannan a awon farko ta nuna wa ungozoma tsohon karnenta domin a tsara mata eko da wurin haihuwa tun da sauran lokaci.